Yatsan da Na Dangwala a Takardar Famfo

Kafanchan,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Bulus,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata ka isa wurin sabon aikinka lafiya, hanya ba ta wahalar da kai ba. Tun ranar da muka raka ka tasha nake roƙon Allah ya tsare ka a wurin kwana da wurin aiki, ya tsare waɗanda kuke tare da su.

Mu a gida ga yadda muke. Babanka gwiwa ta hana shi zuwa gona tun makon jiya, amma ba ta hana shi gardama ba. Ƙanwarka Rahila ta warke daga zazzaɓin, ta koma makaranta a Zonkwa. Kakarka a Fadan Kaje idonta na hagu ya ƙara rufewa, sai dai tana cin abinci sosai, kuma tana tambaya ko sojanta ya yi ƙiba. Kawunka Ayuba tari bai sake shi ba, ya ƙi zuwa asibiti. Ni lafiyata ƙalau, in ban da tunani. Mun fara haƙar citta. Labarin gida ya ƙare nan, domin ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Da farko ina so ka san cewa ina alfahari da kai. Ban iya faɗa maka a baki ba, ka san halina, sai in tsaya ina tambayar ko ka ƙoshi. A cikin hafsoshi masu yawa an zaɓi mutum huɗu su duba makamin da za a saya wa sojojin ƙasa, kuma ɗan da na goya zuwa gonar citta yana cikinsu. Ranar Lahadi da fasto ya ambaci sunanka a addu'a, ban san lokacin da na gyara ɗaurin kallabina ba.

Na riƙe duk abin da ka bayyana mana a gindin mangwaro, ranar da ka aza karan dawa a kafaɗa kana nuna wa babanka. Ka ce makami ne mai linzami da aka yi domin tankar yaƙi. Idan ya fita daga bututunsa yana jan siririyar waya a bayansa, ta nan yake karɓar umarni. Sojan da ya harba ba ya tashi ya gudu. Dole ya tsaya ya ƙura ido a madubi, ya riƙe alamar a jikin tankar har makamin ya isa, ko da na cikin tankar sun hango hayaƙinsa sun juyo da bakin bindiga. In hannunsa ya yi rawa, makamin ma ya kauce. Ka ce aikinku shi ne ku gani ko ya fita, ko ya bi hanya, ko ya samu, in ya samu kuma ko ya huda ƙarfen ne ko fenti kawai ya ƙona. Kuna jera matattun tankoki a fili, bayan harbi ku je ku leƙa ciki ku auna ramin. Daga nan ku rubuta, a saya ko kada a saya.

Amma akwai maganar da ka yi kana dariya kana ɓare gyaɗa. Ka ce mutumin kamfanin da ya kawo makamin shi zai yi harbin ranar da manya za su zo kallo, wai bai taɓa kuskure ba. Ka ce an riga an shirya rumfa da kujeru, kuma oganku ya ce kada rahoto ya yi tsawo. Babanka ya taya ka dariya. Ni na tashi na shiga madafa, alhali babu abin da na aza a wuta.

Da babanka ya gan ni da takarda jiya, ya ce, “Saratu, ke da ko bindigar toka ba ki taɓa riƙewa ba, Kyaftin za ki koya wa harbi?” Na ce masa ba harbi zan koya maka ba, sa hannu ne. Shi ya san abin da nake nufi. Kai ne ba ka sani ba.

Ka san mataccen famfon nan da ke bayan majami'a, wanda awaki suke kwanciya a jikinsa. An haƙa shi a shekarar da ka shiga makarantar hafsoshi. A lokacin ni ce shugabar matan zumunta, kuma aka ce tunda mata ne masu ɗiban ruwa, shugabarsu ce za ta shaida cewa aiki ya yi. Ban iya karanta ko sunana ba a lokacin.

Ɗan kwangilar ya sa ranar gwaji a cikin watan Agusta. Ka san Agustan garin nan, ko da ƙafa ka tona ƙasa ruwa zai taso. Ana saura kwana biyu na haɗu da Malam Sani mai sayen citta a kasuwa, ya ce, “Maman Bulus, na ji ke za ki karɓi famfo. Ni ko buhun citta ba na saye da ganin na sama, sai na zura hannu har gindi. Ku ce musu su dawo watan Maris. In ya ba da ruwa a lokacin, ku sa hannu har da ƙafa.” Na ce masa, “Malam, kai dai tsaya a kan cittarka.” Na riga na ɗinka sabon zane domin ranar, ban so a ɗaga ba. Wannan shi ne kuskurena na farko.

Saboda haka, ɗana, ka duba ranar da aka zaɓa muku, ka tambayi kanka wa ta yi wa daɗi. Yanzu rani ne, sarari garau, fili a share. Amma soja ba ya zaɓen ranar da tanka za ta zo masa. Yaya makamin yake idan ana ruwa, ko hayaƙi ya rufe wuri? Yaya yake bayan ya yi watanni a sito mai zafi da laima, ya kuma sha girgiza a bayan mota a hanya irin ta ƙauyukan Samaru Kataf da damina? Ka ce waya tana bin bayansa. To, a cikin doguwar ciyawa da itatuwa irin namu fa, ba za ta sarƙe ba? Ban san amsar ba, wataƙila tambayar jahila ce. Amma in ba a gwada ba, ka rubuta cewa ba a gwada ba.

Ranar gwajin famfo aka kafa rumfa, aka kawo kujeru daga makaranta. Makaniken ɗan kwangilar ne ya kama hannun famfon, wani ƙato mai damatsa kamar turmi. Na gan shi ya fara zuba ruwa kaɗan ta sama, sannan ya riƙa bugawa gajere-gajere da sauri, irin na wanda ya san halin abin. Ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa. Ban ce a ba tsohuwa ta gwada ba, ban ce a ba mai ciki ba, ni kaina ban taɓa ƙarfen ba, ina tsoron ɓata zane. Bayan sun tafi ne muka gane sai mata biyu sun rataya a jikinsa kafin ya motsa. Kuskurena na biyu ke nan.

Mutumin kamfaninku da bai taɓa kuskure ba, na yarda gwani ne. Shekara nawa yana wannan harbin? Ran da abu ya ɓaci yana ƙasarsu yana shan shayi. Ka roƙa a ba ƙaramin soja, wanda aka koya wa na iyakar kwanakin da za a koya wa sauran, wanda ya yi tafiya tun safe da kaya a baya kuma bai ci abinci ba. A sa tankar ta riƙa tafiya, in da yadda za a ja ta, kada ta tsaya kamar saniyar da aka ɗaure. Abin da hannun wannan sojan ya yi, shi ne gaskiyar makamin.

Kuskurena na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin da idona na gani. Bokiti na farko da na biyu ruwa fari tas. Na uku ya fito ja, da yashi, famfon ya yi tari kamar kawunka Ayuba, ya tsaya. Makaniken ya ɗauke bokitin da sauri ya zubar a bayan rumfa. Ɗan kwangilar ya ga ina kallo, ya matso ya ce, “Wannan wankin bututu ne, Mama, ba a lissafa shi.” Aka jira kaɗan, aka ba mu lemon kwalba, aka sake bugawa ruwa ya dawo. Na ce a raina mai ilimi ya fi ni sani. Ashe jan bokitin nan shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a ranar, ramin bai kai inda ruwa yake zama ba.

Ku ma za a sami wanda zai ƙi fita daga bututu, ko ya fita ya dunguri ƙasa a rabin hanya. Kuma za a sami mai murmushi da zai matso kusa da kai ya ce wannan matsalar batir ce, ko laifin mai harbi ne, a cire shi daga lissafi. Ka saurare shi da ladabi, ka rubuta dalilin da ya bayar, amma ka bar harbin a cikin lissafi. Sojan da nasa ya ƙi tashi a gaban tanka, ba wanda zai ce masa a sake.

Sai takarda. Aka kira ni gaban teburi da lasifika, “Shugabar mata, Uwargida Saratu.” Ba a taɓa kiran sunana da lasifika ba. Ɗan kwangilar ya ce takardar shaidar na halarta ce kawai. Akwai malamin makaranta a zaune a layi na biyu, da na miƙa masa da ya karanta mini cikin minti ɗaya. Kunya ta hana ni, kada a ce shugaba ba ta iya karatu ba, alhali duk wanda ke rumfar ya sani. Na dangwala yatsa a tawada na danna, aka tafa.

Da yake an sami famfo, aka cike tsohuwar rijiyar unguwa da ƙasa, wai kada yara su faɗa. Bayan Kirsimeti ruwan ya fara ja da baya. Kafin Maris ko ɗigo babu. Muka koma rafi, can gangaren duwatsu, sau uku a rana. A nan ne maƙwabciyarmu Tabita ta zame da daro cike a kanta, ƙugunta ya karye. Kai an ce maka faɗuwa ta yi, kuma gaskiya ne. Ba a dai faɗa maka abin da ya kai ta gangaren ba.

Babanka ya raka ni ofishin da ya ba da aikin, mu kai kuka. Akawun bai yi mana faɗa ba. Ya jawo fayil, ya karanta da Turanci, ya juya mana da Hausa: wai mu matan unguwa mun shaida an gwada famfon rani da damina, yana ba da ruwa mai tsabta wadatacce, ba mu da ƙorafi. Sannan ya juyo takardar ya nuna tambarin yatsa ya ce, “Wace ce Saratu?” 

A makon da muka dawo daga ofishin na shiga ajin yaƙi da jahilci na majami'a, na zauna a kan bencin yara gwiwoyina suna taɓa haɓata. Kai ka ɗauka don in riƙa karanta wasiƙunka ne. Na bar ka a haka domin ya fi daɗin ji.

Kai ka yi karatun da ni ban yi ba, amma mai karatu ma yana sa hannu a abin da bai karanta ba, idan an kafa rumfa kuma manya suna jira a tsaye. Ka karanta rahoton daga farko har ƙarshe, har ƙananan rubutun ƙasa. In an rubuta an gwada abin da ba a gwada ba, ka ce a gyara kafin ka taɓa biro. Kada ka ɗaga murya ga oganka, ba haka muka rene ka ba. Ka ce, “Ranka ya daɗe, ga abin da na gani.” In kuma makamin ya yi kyau a hannun ƙaramin soja, ka rubuta ya yi kyau da zuciya ɗaya. Ban ce ka kushe abin kirki don a ce kai mai gaskiya ne ba, wannan ma wani neman suna ne.

Akwai kuma abin da na yi bayan ofis. Da mata suka tambaye ni, na ce an ce za a duba. Shekara guda ina jin ana zagin mai unguwa a kan famfon nan, ina shiru. Ina kai wa Tabita kunu tana kwance, ina yi mata addu'a, ban faɗa ba. Sai ranar da na fara iya karanta layi guda ba tare da taimako ba, na tashi a taron zumunta na faɗi komai. Da na gama, Tabita ta dogara sandarta ta ce, “Shugaba, ai mun sani. Mijinki ya gaya wa mijina tun a makon. Jira muke mu ga ranar da za ki faɗa.” Mata suka yi dariya, ni na yi kuka. Ba su cire ni daga shugabanci ba, amma shekarar nan da na yi shiru ta fi ranar tawada nauyi. In ka yi kuskure a aikin nan, domin kai ma mutum ne, ka faɗa da wuri, tun ba a raba kayan ga sojoji ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da wataƙila na jira sai ka dawo hutu. Amma na sake yin wani kuskuren, kuma makon jiya ne.

Ka san Yohanna ɗan Tabita yanzu kofur ne, kuma ana ta maganar za a tura rundunarsu waje. Muna shanya citta a bakin hanya, mata da yawa, sai Tabita ta ce, “Maman Kyaftin, an ce ɗanki ne ke duba kayan da za a ba su Yohanna. Da gaske ne?” Kaina ya yi girma. Na ce, yadda kowa zai ji, “Idan Bulus ya sa hannu a kan abu, ki kwantar da hankalinki.” Ta ci gaba da baza cittarta, ta ce, “To, Shugaba. Wancan karon ma haka kika ce mana.” Da dariya ta faɗa, kuma aka yi dariyar. Amma da za ta tashi sai da na riƙe mata hannu, kamar kullum, kuma ban iya kallon fuskarta ba.

Ka gani, na sake yin shaida a kan abin da ban gani ba. Ban san ko Yohanna zai taɓa riƙe wannan makamin ba. In ba shi ba, ɗan wata ne. Na san ɗan da na haifa, na san ba ka ƙarya tun kana ƙarami, ko ranar da ka fasa tulun kakarka kai ka kawo kanka. Amma ni ma ba maƙaryaciya ba ce ranar da na danna yatsa. Sabon zane ne, da lasifika, da kunyar tambaya.

Na san abin da zai iya biyo baya. Ka ce bayan wannan aikin ne za a duba ƙarin girma. In ka rubuta abin da ba a so, mai yiwuwa a ajiye sunanka a gefe, ko a tura ka wani lungu. Na yi tunanin wannan sosai, domin ni ma ina son in ga an ƙara maka girma ina da rai, kuma na riga na san waƙar da zan tayar ranar. Duk da haka ina gaya maka, in an mayar da kai baya saboda ka rubuta abin da idonka ya gani, ba za ka ji ko kalma ɗaya daga bakina ba. Zan yanka maka zakara, in sa zanen da ya fi kyau, in raka ka sujada a gaban kowa. Babanka ya ce in ƙara da cewa shi ma haka, sai dai zakaran kada ya zama nasa.

Hannuna ya gaji, kwana biyu nake wannan rubutun. In ka ga inda na karkace, ka yi haƙuri, malamarmu ta ce har yanzu ina danna biro kamar mai shuka.

Ubangiji ya tsare ka daga wuta da ƙarfen da kuke gwadawa. Ya kiyaye idonka da kunnenka a filin nan, ya kiyaye sojan da zai harba da wanda zai je duba rami. Ya ba ka baki mai laushi da hannu mai tsayawa. Ya dawo mana da kai lafiya, da Yohanna, da 'ya'yan kowa. Babanka da Rahila da kakarka suna gaishe ka.

Ina roƙonka amsa kafin Lahadin godiyar kaka, saura mako huɗu. Ka aiko ta akwatin gidan waya na majami'a. Ban nemi sirrin aikinku ba, kada ka rubuta abin da zai ja maka laifi. Ka gaya mini kawai ko ka ji, kuma ko abin da ka gani ne za ka sa wa hannu. Ka rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, domin ni zan karanta wa Tabita da bakina. A ranar ni da ita aka ba kwando ɗaya mu kai gaban majami'a, tafiyarta kuma a hankali ce, hanyar za ta yi tsawo in ba ni da abin faɗa mata.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu.